Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim, da dattawan Kannywood: ku kafa mana gasar karrama 'yan fim da za mu yarda da ita

Assalamu alaikum iyayena da yayyena, Allah ya ƙara girma. Ina gaisuwa, ya aiki, ya fama da jama'a.

Ni dai ba ɗan fim ba ne, ban taɓa tsayawa gaban kamara ba kuma ba na nema. Tela ne ni a Tudun Wadan Zariya, keke uku ne a shagona da yara biyu masu koyo, sai wata 'yar talabijin da muka maƙala saman teburin yanka. Amma fim ɗin Hausa kam tun ina firamare nake cikinsa, lokacin kaset, kawuna na da shagon haya ni ne yaronsa, ni ke rubuta sunan wanda ya ɗauka a littafi, ni ke goge hed da farin ƙyalle da sifirit in hoto ya fara ruwa. Na ga zamanin kaset, na ga na sidi, na ga lokacin da kasuwar ta mutu murus kowa ya koma tura fim a waya, ga shi yanzu muna zamanin masu dogon zango a YouTube da Arewa24. To ina ganin in na yi magana ba shisshigi na yi ba, kuɗin datana da lokacina suna cikin wannan sana'a taku.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu shi ne abin da ya faru a shagona kwanakin baya. Kun san yadda ake in shekara ta zo ƙarshe, ko ina ka leƙa Facebook ne ko Instagram ko TikTok fasta ce kawai ke yawo, hoton jarumi ko jaruma da lamba a ƙasa, masoyana ku zaɓe ni, kowace ƙuri'a naira kaza. Ƙaramin yarona na shago, yaro mai hankali wallahi, akwai jarumin da yake mutuwar so, har askinsa yake yi. Kwana uku ina ba shi kuɗin abincin rana ina ganin ba ya fita saye, sai ruwan leda kawai, na ɗauka ko azumi yake ramawa. Ashe ƙuri'a yake saye da kuɗin. Shi kaɗai ya zaɓa ya fi sau goma. Da aka zo aka faɗi sakamako gwaninsa bai ci ba, yaron nan ya wuni bai ce uffan ba, har hannun rigar wani bawan Allah ya ɗinka a baibai sai da muka farke. Da na zaunar da shi na tambaye shi, to shi wanda ya ci ɗin, da wane fim ya ci? Sai ya yi shiru. Babban ma bai sani ba. Muka duba fastar tare, babu sunan fim ko ɗaya a jiki, an dai rubuta gwarzon jarumin shekara shi ke nan.

Akwai wani tsohon malamin makaranta da ke zaune yana jiran a sa masa aljihu, shi ne ya ce, to ku da kuke ta wannan musu, wa ya rubuta labarin fim ɗin da kuke kallo jiya da daddare? Mu huɗu a shagon, dukanmu mun san sunan jarumi, mun san motar da yake hawa, mun san da wa ya yi faɗa a watan jiya, amma ba wanda ya iya kawo sunan marubucin. Na ji kunya ƙwarai. Daga baya kuma da na yi tunani sai na ga ai ba laifinmu ba ne mu kaɗai, don ba a taɓa ɗaga mana mutumin nan sama an ce ga shi ku gan shi ba.

Ranku ya daɗe, ƙuri'ar da ake saye da kuɗi ba ta auna iya aiki. Aljihu take aunawa. Wanda yake da mabiya miliyan ko yake da uban gida mai hannu da maiƙo da zai zuba kuɗi a dare ɗaya shi zai ɗauka, ko da kuwa shekarar gaba ɗaya bai yi wani abin a zo a gani ba. Ita kuwa baiwar Allahn da ta fito a matsayin uwa a wani ƙaramin fim ta sa mu hawaye a sin uku kacal, ba ta da shafi ma balle ta roƙi ƙuri'a. Mun gane wannan, shi ya sa da an ce wane ya ci awad abin da za ka fara gani a ƙasan hoton shi ne "nawa ya biya". Wannan kalma ta fi ƙona min rai, saboda wani sa'in wanda ya ci ɗin ya cancanta da gaske, amma an riga an zubar wa abin da mutunci, sai shi ma zargin ya shafe shi.

Na taɓa shiga irin wannan biki sau ɗaya a Kaduna, ba zan faɗi masu shiryawa ba, kaya na kai wa wani kwastoma da zai sa a daren ya ce in tsaya in kalla. An rubuta ƙarfe bakwai ba a fara ba sai wajen sha ɗaya. Da aka fara kuma sai aka shiga kiran manyan baƙi, wannan ɗan siyasa a ba shi lambar yabo, waccan Hajiya 'yar kasuwa a ba ta, wakilin wane ya zo ya karɓa a madadin wane, kowa kuma sai ya riƙe makirfon ya yi jawabi, maroƙa na ta aikinsu. Ina zaune a baya kusa da wasu samari biyu, da hira ta yi hira na ji ɗaya edita ne ɗaya kuma mai ɗaukar sauti, kuɗin motarsu suka biya daga Kano. Har aka tashi wajen ƙarfe biyu ba a ambaci sana'arsu ba ko da baki, babu ma rukuninta a takardar. Na ga editan yana naɗe katin gayyatarsa yana sawa a aljihu, suka fita neman inda za su kwana.

Na san za ku ce ai ba ku kuka shirya ba, kowa na da damar ya kama hol ya buga allo ya raba. Haka ne. Amma abin da ya ba su fili shi ne babu wata tsayayya guda ɗaya taku ta gida wadda in an ambace ta kowa zai nutsu. An yi yunƙuri a baya ban manta ba, a 2013 an yi ta Kannywood wadda kamfanin MTN ya ɗauki nauyi, mun ji daɗi mun ce to an kama hanya, yau ina take? Masana'antar da ta faro tun Turmin Danya a 1990, aka raɗa mata suna Kannywood a mujallar Tauraruwa a ƙarshen shekarun 1990 tun kafin a san kalmar Nollywood, a ce yau sama da shekara 30 ba ta da wani dare guda a shekara da aka san nata ne ba ya tashi. Abin da ciwo.

Da muna fakewa da na waje. Gasar finafinan Afirka ta AMVCA da ake yi a Legas a da tana da rukunin fim ɗin Hausa shi kaɗai, Daɗin Kowa ya ci a 2016, Mansoor ya ci a 2018, Aisha ya ci a 2023, duk muna murna muna tura hotuna. Sai a 2024 suka sake tsari suka haɗe harsunan gida na Afirka ta Yamma a rukuni ɗaya, Hausa da Yarbanci da Ibo da sauransu duk a tukunya guda. Jagun Jagun ya ɗauka a shekarar, a 2025 kuma Lisabi, duka na Yarbanci. Mutanenmu suka yi ta kumfar baki a intanet wai an ware mu an danne mu. Ni gaskiya ban ga abin faɗa da su ba, gidansu ne kuɗinsu ne, yadda suka ga dama haka za su jera kujerunsu, kuma finafinan nan an kashe musu kuɗi an yi aiki, duk wanda ya kalla ya sani. Mu teloli mun fi kowa sanin cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Kuma ba wai ba mu da abin nunawa ba ne. Ku duba gasar Oscar ta Amurka, rukunin finafinan ƙasashen waje sharaɗinsa shi ne yawancin maganar cikin fim kar ta zama da Turanci, a kan haka aka cire fim ɗin Najeriya Lionheart a 2019. Wanda Najeriya ta tura bayansa The Milkmaid ne, da Hausa aka yi mafi yawansa, kuma a cikinsa Maryam Booth ta ci kyautar mataimakiyar jaruma a gasar finafinan Afirka ta AMAA ta 2020. A 2024 kuma da aka tashi turawa Mai Martaba aka zaɓa, shi ma na Hausa. Bai kai zagayen gaba ba, amma ko ba komai ya nuna harshen nan namu da wasu ke ganin shi ne ya tauye mu, shi ne ma jarinmu. To in mutanen waje za su zauna su tace su ce wannan ya fi wannan, me ya hana mu a gida? Ko kuwa sai an yaba mana namu daga Legas sannan za mu san yana da kyau?

Bari in yi magana a kan abin da na sani, wato kaya. Ni in ina kallon fim idona kan tufafi yake fara sauka, ba da gangan ba, sana'a ce. Sau nawa za a nuna mana bazawara mai 'ya'ya biyar wai ba ta da abin da za ta ɗora a wuta, tana kuka, amma atamfar jikinta ko ruwa ba ta taɓa gani ba, karin guga na nan a hannun riga, ga jan baki ga gashin ido. Ko a nuna labarin zamanin da, zamanin sarakuna da dawaki, amma wuyan rigar aikin kwamfuta ne irin wanda muke kaiwa a buga mana yanzu. Nan take labarin ke fita daga raina. Amma akwai wani mai dogon zango da na kalla, wani dattijo ya fito a matsayin mai gadi, rigarsa shadda ce da ta sha wanki har ta koɗe a kafaɗa inda rana ke duka, wuyan ya yi baƙi kaɗan, an yi wa aljihun faci da zaren da bai dace da kalar ba, irin facin da mace ke yi wa mijinta da allurar hannu da daddare. Wallahi sai da na tsayar da keke na matsa kusa da talabijin. Kafin dattijon nan ya buɗe baki na riga na yarda talaka ne, na riga na san akwai wata a gida mai tausayinsa. Wani ne ya zauna ya yi wannan tunani, ya je ya nemo rigar ko ya tsufar da ita da hannunsa. Na jira har ƙarshe in ga sunansa, rubutun ya wuce da gudu ga talla ta rufe rabin allon. Wannan mutumin in an kira shi gaban jama'a an miƙa masa kyauta, gobe duk mai kula da kaya a lokeshan zai san ana kallon aikinsa, kuma furodusa zai ji nauyin ce wa jaruma ta taho da kayanta daga gida kawai.

Haka sauti. Muna kallo ana maganar mutuwa ga ƙarar janareto a baya, ko murya ta rigayi baki. Haka masu rubuta fassarar Turanci a ƙasan fim, wani Turancin in ka gani sai ka rufe ido, alhali shi ne abin da wanda ba ya jin Hausa zai auna mu da shi. Haka marubuta, waɗanda su ne ƙashin bayan abin gaba ɗaya. Yanzu da aka koma dogon zango cutar da ta kama mu ita ce jan labari, abin da zai ƙare a kashi 20 sai a kai shi 100 saboda ana samun masu kallo, a yi ta zaman falo ana maimaita abin da muka riga muka gani, mutum ya fito daga mota a nuna, ya buɗe get a nuna, ya taka har ƙofa a nuna. Da akwai kyautar da ake ba labarin da ya fi tsari, wanda ya san inda ya dosa ya kuma tsaya inda ya kamata, da marubuci ya samu abin da zai kare kansa da shi in an ce ya ƙara ruwa.

Sai maganar dattawa, wadda ita kam in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disambar 2014, mutumin da ya sa ƙasar Hausa gaba ɗaya dariya. Kasimu Yero ya tafi a 2017. Samanja ya tafi a Nuwambar 2023, Daso ta bi a Afrilun 2024. Allah ya jiƙansu da rahama. Duk ranar da aka yi irin wannan rashi sai hotuna su cika waya, kowa na rubuta an yi babban rashi. Akwai sauransu da rai yanzu haka, wasu na kwance ba lafiya, sai dai mu ga bidiyo ana nema musu taimako. Me zai hana duk shekara a ɗauko biyu ko uku a zaunar da su a kujerar gaba, a nuna guntayen ayyukansu a babban allo yara su gani, a ba su kyauta mai ɗan kauri da za ta yi musu maganin wani abu, suna ji suna gani?

Abin da nake roƙo ba wai sai an tara duniya ba. A samu alƙalai waɗanda ba su da fim a cikin gasar kuma ba yaran kowa ba ne. Muna da su ai, ga malamai a Jami'ar Bayero da suka shekara suna nazarin finafinan nan, ga sashen wasan kwaikwayo a nan ABU, ga makarantar koyon fim ta Jos, ga marubutan littattafan Hausa, ga 'yan jaridar da suka tsufa a kan harkar, a sa mata a ciki sosai don su ne suka fi kowa kallo. A faɗi sunayensu tun kafin a fara, in sun yanke hukunci su fito su ce ga dalilinmu a jimla biyu ko uku. Duk wanda aka ce ya ci a faɗi da wane fim, a wane matsayi. Sanin finafinan da suka fita a shekara ma ba zai yi wuya ba tunda ga hukumar tace finafinai ta Kano nan tun 2001 ana bi ta wajenta. A raba mai dogon zango da na sinima, a ware wa barkwanci nasa don ba ƙaramin aiki ba ne sa mutum dariya a wannan hali da ake ciki. Mu 'yan kallo a bar mana guda ɗaya tamu, gwanin 'yan kallo, amma kyauta, layi ɗaya ƙuri'a ɗaya, kar a sake cin kuɗin abincin yaran mutane. Kuma a tuna masu kallon nan ba a Kano da Kaduna suka tsaya ba, ku duba ƙasan kowane bidiyo za ku ga ana gaisuwa daga Maraɗi da Damagaram da Agadas, daga Kumasi, daga Garwa, daga Sudan da Saudiyya, su ma a ba su hanyar zaɓe, in ta kama wata shekarar a kai bikin Yamai ma ba laifi ba ne.

Masu ba da kuɗi a karɓa a gode musu, a sa sunansu a allo, amma kar a ba su kofi. Ɗan siyasa in ya zo ya zauna ya yi kallo kamar kowa. Na san kuɗi ne matsalar da za a fara kawowa, to ai ba dole sai babban otal ba, ko ɗakin taro na makaranta ne in an fara a kan lokaci an yi gaskiya, shekara uku ana yi a wata ɗaya ba fashi, kamfanoni da kansu za su biyo ku. Ga shi Allah ya sa ɗanku Ali Nuhu ne ke riƙe da hukumar finafinai ta ƙasa tun Janairun 2024, su ke shirya bikin finafinai na Zuma a Abuja, ga masu KILAF, bikin finafinan harsunan Afirka da ake yi a Kano, sun san kan shirya irin wannan taro. Shawara dai ba za ta gagara ba.

Abin da na fi tsoro ba kuɗi ba ne, ɓangaranci ne. Kowa ya san akwai yaran wane da yaran wane, in na wannan gida ya ci sai na wancan gida su ƙaurace. Mu ma masoya muna da namu laifin babba, in ɓera da sata daddawa ma da wari, mu ne ke zagin iyayen juna a kan mutanen da ko sunanmu ba su sani ba, mu ne in an ce fim ɗin gwaninmu bai yi kyau ba sai mu ce hassada ce. Amma ku ne manya. In manyan jarumai da daraktoci suka zo suka zauna a dare ɗaya, wanda bai ci ba ya tashi ya tafa wa wanda ya ci a gaban kamara, wallahi rabin zagin da ake yi a waya zai mutu a ranar, don yaran nan abin da suka ga gwanayensu na yi shi suke yi.

Ku yi haƙuri in na yi tsauri a wani wuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ni ba ni da kuɗin ɗaukar nauyin komai, amma ina da keke da almakashi. In Allah ya sa kuka sa rana, kuka sa rukunin mai kula da kaya a ciki, na yi alkawari duk wanda ya ci, namiji ne ko mace, ɗinkin kayan da zai sa a bikin shekara mai zuwa a wuyana yake, shadda da aikin hannu, ya turo awonsa kawai. Yaron nan nawa shi zai yi masa aljihu.

Wassalam, naku,
wani tela daga Tudun Wadan Zariya.